Rigar da Ta Fara Jan Ƙasa

Shekaranjiya na ɗauki babbar rigata zan tafi masallaci, sai yatsana ya taɓa sabon ɗinki a bakinta na ƙasa. An naɗe ta kamar faɗin yatsu biyu, an bi da zare a hankali. Tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya, don na san ɗinkin nan. Na gan shi ina yaro a ƙauyenmu kusa da Ɗan Kassari, shekarun da nasara suka tafi aka ɗaga sabuwar tuta.

Kakana dogo ne, tsohon ɗan kokawa, ga zafin rai. Sai rigarsa ta fara jan ƙasa. Ya zagi telan Dogon Dutsi har ya gaji, alhali ya shekara bakwai yana sa rigar lafiya lau. Kowa na ganin bayansa yana lanƙwashewa, amma wa ya isa ya faɗa? Kakata ce ta samo dabara. In ya tafi gona, sai in zura mata zare a allura, ta naɗe bakin rigar. Sau uku muka yi haka cikin damina biyu, kullum tana jan kunnena kada ya ji.

To, a gidanmu ranar buɗe rumbu maigida ne ke hawa tsani, ya shiga ta sama, ya sauko da damin hatsi na farko a kafaɗa. Ranar da mutum ya bar hawa, ya miƙa ragamar gida ke nan. Shekarar da muka yi naɗi na uku, babana ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, bari in hau bana. Jikin ga naka ya rage."

"Mi ya rage? Dubi rigata. Inda ta tsaya bara, nan take. Ni ka hawa."

Kakata ta dube ni, na sunkuyar da kai.

Ka san abin da har yau yake ci min rai? Bai faɗo ba. Ya sauko lafiya, ya dire ƙafa ƙasa da dami a kafaɗa, sai muka ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ƙugunsa ne ya karye. Maƙwabta suka ce aljana doguwa ce ta taɓa shi. Maɗori ya lalluba, ya ce ƙashin ya zama kamar icen da gara ta cinye cikinsa, ba abin da ɗori zai kama. Kakana bai sake miƙewa ba, kuma bai ga wata kakar ba. Kakata ba ta sake neman in zura mata zare ba.

Bara lokotoro a asibitin Dosso ya duba hoton ƙashina, ya ce tsufa na cinye ƙashin maza kamar yadda yake cin na mata. Ya ba ni magani, ya hana ni hawa da ɗaukar kaya. Na ɓoye takardar, ina zaton babu wanda ya lura. Ashe uwar 'ya'yana tana nan da allurarta.

Jibi za a buɗe rumbu. Kwana biyu ina zagaya tsanin, ina jin haushinta, ina jin tausayinta. Ɗazu na sa reza na warware ɗinkin, na sa rigar tana jan ƙasa, na fito tsakar gida kowa na gani. Na kira babban ɗana na ce masa bana shi zai hau.