Forever da Fenti, Suna da Sitika

Usta Haruna mai fenti ya ɗaga buroshi ya dube ni. "Wanne kake so, ya zol, mutumina? Forever ko eternal?"

Raksha, keke mai ƙafa uku da nake tuƙawa, na kai shagonsa a Umdurman ta Sudan, don ya rubuta mini sunan budurwata Nafisa a baya da kalmar Turanci mai nufin har abada. Wata shida ke nan tana hana ni zuwa gaida babanta.

Ni a aji huɗu na tsaya, sai na ce ya bambance mini.

"Eternal na Allah ne, ba a sa shi kusa da salansa. Forever na masoya ne. Permanent kuma na fenti."

Na zaɓi forever. Ya rangaɗa shi da fentin mai, amma da ya zo kan sunan sai ya jawo sitika.

"Usta, ya haka?"

"Haka nake wa kowa, ɗana. Forever ba ya canzawa, sunan ne ke canzawa. Wani direban sau huɗu yana dawowa."

Na ce a sa fenti.

"Ruwanka."

Washegari Nafisa ta zagaya bayan raksha. Ko kallon forever ɗin ba ta yi ba, farce ta sa ta hau kankare sunanta. Ashe duk 'yan matan unguwa sun san sitikar Usta!

Ta kankara, ta kankara, bai tashi ba. Ta hure farcenta ta ce, "Khalas, shi ke nan, Bashir. Baba yana gida ranar Juma'a."

Jama'a, masu rubuta forever, ku faɗi gaskiya: naku fenti ne ko sitika?