Kawu Ilu da Idon Kwamfuta

Ku da kuka zauna Sabha a shekarun da aka buɗe wa kowane ɗan Afirka ƙofa, kun san Kawu Ilu ba ya karɓar abin da bai roƙa ba. Ko shayi ka miƙa masa sai ya shinshina. To irin wannan mutumin Allah ya ba shagon kwamfuta a unguwar Abdulkafi, ni kuma ɗan ƙanwarsa nake ɗora wa injunan manhaja.

Duk injin da na ɗora wa sabon tsari, da tarkacensa yake zuwa: wasan karta, abin kiɗa, na zane, na hira. Sai Kawu ya jawo kujera, ya sa ni in buɗe su ɗaya bayan ɗaya kamar masu duba fasinja a shingen 'yan sanda. Wai duk abin da Bature ya ba ka kyauta, akwai abin da yake kwasa ta baya. Karta caca ce, a goge. Abin kiɗa kuwa, tunda yana da baki to yana da kunne. Ranar da wata manhaja ta nuna masa zafin garin, wallahi zabura ya yi ya fizge waya daga bango.

"Wa ya gaya mata muna Sabha?"

Wani manomin dabino na Wadi Bawanis ya taɓa kawo kwamfutar da ya saya wa 'yarsa ta jami'a. Kawu ya yi mata askin ƙwal. Mutumin ya dawo yana huci, ya ce ba ta rubutu, ba ta shiga intanet, ba ta komai. Kawu ya dube shi da tausayi ya ce, "Shi ya sa ba za ta cuce ka ba, ya hajj."

Duk wannan dariya nake yi. Wadda ta ci mini rai ita ce manhajar kira mai hoto. Iya, kakata, mahaifiyarsa, tana kwance a Damagaram, kullum saƙonta ɗaya: tana so ta ga fuskar Ilu. Shi kuma takardar zamansa ta mutu, in ya fita ba dawowa. Na yi lallashi, na yi faɗa. Ya ce idon da zai kai shi Damagaram ai ta ofishin hukuma zai fara bi. Na ɗora ta a ɓoye, ya gano, ya goge, ya kuma manna wa kyamarar filasta. Haushi ya sa na daina cin abinci kwano ɗaya da shi.

Da aka aiko cewa jikin Iya ya yi tsanani, ya yini bai kula kowa ba. Bayan la'asar ya ce in ɗora manhajar, amma da sharaɗi. Aka rufe shago, aka ɓare filastar kyamara, aka juya sauran injunan suna kallon bango. Can Damagaram ƙanena ya ɗauko Iya a mota ya kai ta shagon intanet. Hoto ya buɗe, na waiga, sai ga Kawu ya naɗe kansa da rawani tsaf kamar zai ratsa Sahara, ga baƙin tabarau. Wai ita ta ji murya, su kuma masu leƙe su tashi a banza.

Iya ta matso da fuskarta har hancinta ya cika allon. Ta daɗe tana kallo.

"Ni ban haifi rawani ba," in ji ta. "Kwance."

"Iya, akwai masu gani."

"Su gani. Ni na riga su."

Ya cire tabarau. Ya warware rawanin a hankali. Ta ce ya tsufa, ya kuma yi hancin ubansa, sannan ta ɗora tafinta a kan allon. Mutumin da ke shinshina shayi ya kai goshinsa ya jingina da gilashin, yana kuka kamar yaro. Ni ma na yi, ba zan ɓoye muku ba.

Ba ta kai ƙarshen watan ba. Tun daga nan kowace kwamfuta ta fita daga shagonmu tsirara take fita, sai wannan manhajar guda. In mai ita ya ce ba ya so, Kawu sai ya tambaye shi ko uwarsa na da rai.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya jiƙan Iya. Ya haɗa fuskokinsu a Aljanna, inda ba mai tambayarsa takarda. Amin.