Kawu Isa da Ciyawarsa

Duk wanda ya san Kawu Isa, ƙanin mahaifiyata, ya san ba ya wuce ciyawa bai tsinko ya tauna ba. Kuna tafe kuna hira a hanyar Kunci, sai ka waiga ka gan shi a tsugune bakin gona yana tauna kamar mai ɗanɗanon miya. Sai ya tofar ya ce, "Saura kwana uku." In ukun nan ba su cika ba, ko za a yi me lauje ba zai taɓa ta ba!

Wata damina na yi azarɓaɓi, na yanko kyasuwa tun tana jaririya, don matata ta dame ni da zancen tumakinta. Kawu ya leƙo ya ce, "Sani, ruwa ka yanko? Shanya ta ka gani. In ta cika hularka, ka zo in ba ka tawa."

Kai, ba ta cika ba.

Maƙwabcinsa Malam Audu kuwa sai gamba ta fi shi tsawo yake yanka, wai ta fi auki. Ran nan ya shigo da dami niƙi-niƙi yana fahariya. Kawu ya karya kara ɗaya, ya ji ƙas, ya ce, "Audu, ragon naka zana zai saƙa ne? Cikinsa zai cika, ƙashin bayansa na waje."

Amma babbar ita ce ranar ɗaurin auren 'yarsa Ladidi. Ana shafa fatiha aka nemi uban amarya aka rasa. Ni aka tura. Na same shi a gona da babbar riga, ya naɗe hannuwanta a kafaɗa, yana ta yanka.

"Haba Kawu! Baƙi na jira!"

"Su jira. Amarya gobe ma amarya ce. Wannan in ta fitar da kai gobe, ta zama tsintsiya."

Da malamin gona ya zo garinmu ya yi dogon bayani, cewa ciyawa in ta tsufa yawanta na ƙaruwa amma amfaninta na raguwa, Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Yaro, ka yi gaskiya. Amma don wannan aka kai ka har jami'a? Da ka zo ka tambayi akuyata."

Muna ta dariya, muna ce masa likitan ciyawa. Sai rani ya yi nisa, dabbobi sun fara ramewa, ka ga mutane na sallama a ƙofarsa. Zai yi faɗa, ya yi gori, sannan ya hau rumfa da kansa ya sauko maka da dami biyu na ciyawa, koriya shar, mai ƙamshi. Bai taɓa mayar da kowa hannu wofi ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Isa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya saka masa da ciyar da bayinsa marasa baki. Amin.