Dutsen niƙan da na hana autata

Autata ce ta gaya mini wai komai na duniya yana jan ɗan'uwansa. Lokacin ta gama karatun koyarwa, tana jiran a ba ta lekol, makarantar da za ta koyar. Ina tsintar gero a tsakar gidanmu na Birni, tana kan tabarma da takardunta. Ta ɗauki ƙwaya guda ta saki.

"Inna, me ya kai ta ƙasa?"

Na ce, "To da sama za ta? Shekara nawa kina karatu, wannan kika samo?"

Ta yi dariya, ta ce ƙasa ce ta ja ta, don abu mai nauyi shi ya fi ja. Wai har wata ma jan duniya ne ya riƙe shi. Ni ban yi boko ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita.

Sai takarda ta zo, Yamai aka tura ta. Yayyenta biyu can suka tafi, kuma sai Sallah nake jin muryarsu. Ita kaɗai ta rage mini.

Ranar ɗaurin kaya ta roƙe ni dutsen niƙan kakarta, wanda na zo da shi daga garinmu Droum. A gidanmu uwa ke ba 'ya in za ta bar gida, ni ma haka aka ba ni. Na zauna a kansa daram.

"Ba inda za shi. Ba ke kika ce mai nauyi ke ja ba? Duk gidan nan ba abin da ya kai shi. Ya zauna ya jawo mini ke."

"Haba Inna! Wannan ko ƙuda ba zai jawo ba. Sai abu ya kai kamar duniya. Kuma in nisa ya yi yawa, jan raguwa yake."

"Ya ƙare?"

Ta ce, "A'a, ba ya ƙarewa. Raguwa dai."

Ta hau kar, babbar motar Yamai, ba dutse. Da farko duk hutu tana zuwa, sannan shekara-shekara. Yanzu damina uku ke nan ban gan ta ba. Can ta yi aure, ta haifi mace, a waya na ji kukan jaririyar.

Wani lokaci nakan ce da na ba ta, ko ta riƙa tunawa da ni in tana niƙa. Na dai hana yarinya gadon kakarta a banza. Dutsen yana gindin zaure, ba mai niƙa a kai, kowa inji yake zuwa. Kullum da safe ina share shi. Ai ta ce ba ya ƙarewa.