Ƙusa Tara a Fadar Malam Gali

Idan mutum ya ga laifinka da idonsa, ya ɗauka ya aza wa kansa ba tare da ka roƙe shi ba, alheri ya yi maka ko kaya ya ɗora maka? Wata bakwai ke nan ina juya wannan tambaya a bayan sitiyari, ban samu amsa ba. Na tambayi wani ɗalibin fiƙihu a nan Riyad, ya ce alheri ne mana. Na ce to me ya sa wanda aka yi wa alherin ba ya iya haɗa ido da mai yin sa? Ya ce wannan kam ba ta cikin littattafan da suke karantawa.

Malam Gali kafinta zai bar ƙasar nan ranar Alhamis, bayan shekara ashirin da shida a warsha ɗaya, wato wurin aikin kafinta. 'Yan unguwar Ulaisha sun san shi, ko ba su san sunansa ba sun san tabaransa mai ɗaure da zare. Idan aka idar da sallar asuba yakan tsaya wurin mai gashin tamis, burodin nan mai faɗi, ya sayi guda biyu, ya nannaɗe a jarida, ya zo ya zauna a kujerar gaba ta motar da nake ja. Ni ne Zayyanu, direban kamfanin. Kafin mu isa unguwar masana'antu ta Sana'iyya ya raba tamis ɗin, ya miƙo mini rabi ba tare da ya dube ni ba. A warsha yakan fara share teburinsa da kansa, sannan ya bi katakon da zai yi aiki da shi yana shafawa da tafin hannu kafin ya ɗauko ma'auni.

Aikin kamfaninmu shi ne gina rumfunan baje koli. Abu ne da ake kallo kwana huɗu, a rana ta biyar a kakkarya a zuba a shara. Yawancinmu da wannan tunanin muke aiki. Malam Gali kuwa har bayan allon da zai jingina da bango yake gogewa. Saidou mai fenti, mutumin Maraɗi, yakan tsokane shi: "Baba, mu masu fenti mu ne ke rufa wa kafintoci asiri, amma kai ka hana ni cin abinci." Shi kuma sai ya ce, "Ka je wurin kafintocin unguwar Batha, can za ka ƙoshi."

Hajiya Mariama da ke dafa mana tuwon Juma'a za ta iya ba da shaida. Lokacin da aka yi mata aiki a gwiwa, shi ya zo ya auna tsayin murhunta da idonsa, bayan kwana biyu ya kawo kujerar da har yau take tuƙa tuwo a kai. Duk sabon zuwa da ya sauka a ɗakunanmu ya tarar ƙofa tana rufuwa, hannunsa ne.

A farkon shekarar nan ta dubu biyu da goma sha takwas, wani kamfanin Sin mai sayar da kayan gini ya ba mu aiki. Suna son a tsakiyar rumfarsu a kafa ƙaramin samfurin babban zauren fadar sarakunansu ta birnin Bejin, tsawon mita uku. Injiniyansu, Mista Fang, Larabcinsa a karye yake kamar na Malam Gali, shi ya sa suka fahimci juna tun ranar farko. Mudir ɗinmu, wato manajan kamfanin, ya ce aikin kwana goma ne, falankin katako da gam da bindigar ƙusa. Sai Mista Fang ya nuna wa Malam Gali wani bidiyo a waya, inda ake jera ƙananan katakai masu tsaga a kan ginshiƙi, wannan ya shiga cikin wancan, hawa-hawa, har su ɗauki nauyin rufi. Malam Gali ya kalla sau uku.

"Ina ƙusar?" ya tambaya.

"Mafi mismar," in ji Mista Fang. Babu ƙusa.

Malam Gali ya cire tabarau ya goge. Ya je wurin mudir ya ce a ba shi mako biyar. Sun daɗe a ofis, ana jin muryar mudir daga waje, amma da ya fito, mako biyar ɗin ya fito da shi.

Ni karatuna bai wuce firamare ba, sauran a waya na tsince shi, a wuraren jiran kaya. Saboda haka ni na zama mai karanta masa labarin fadar a lokacin hutun azahar. Na karanta masa cewa shekara goma sha huɗu aka yi ana ginin ta, kusan shekara ɗari shida da suka wuce, kuma sarakuna ashirin da huɗu sun zauna a ciki. Manyan zauruka a jere suke kan layi ɗaya daga kudu zuwa arewa, duk suna fuskantar kudu, bango ja, rufi rawaya, launin da ba a yarda talaka ya sa wa gidansa ba. Gumagumai daga dazuzzuka masu nisa aka biyo da su ta ruwa. Manyan duwatsu kuwa sai da aka jira sanyi, aka haƙa rijiyoyi a gefen hanya, aka riƙa zuba ruwa yana daskarewa, mutane suna jan dutse a kan ƙanƙara. Ko shekara ba a yi da gamawa ba tsawa ta faɗa wa babban zauren ya ƙone, aka sake ginawa. Malam Gali ba ya tambaya a kan sarakunan. Kullum tambayarsa, su waye suka ja dutsen, me suke ci, an mayar da su gida?

Abu ɗaya ya ƙi yi. A kan kusurwar rufin akwai jerin ƙananan dabbobi guda goma, yawansu ke nuna darajar zaure. Ya ce wa Mista Fang shi ba ya sassaƙa abu mai rai, amma zai bar musu wurin zama. Mista Fang ya sa aka aiko da su daga ƙasarsu. Saidou ya ce, "Baba ya gina wa dodanni gida, ya ce shi ba ya kiwo."

Wata rana muna cin ful, dafaffen waken nan na Larabawa, Mista Fang ya ce mana bulon da aka shimfiɗa a daɓen zauren, kowanne akwai sunan mai gasa shi a gefe. Na ce ai sun kyauta, sun girmama ma'aikaci. Ya girgiza kai, ya ce an rubuta ne don idan bulo ya tsage a san wanda za a kamo. Malam Gali ya tsoma tamis a cikin ful ya ce, "Ashe ko'ina haka ne."

Ranar da za a kai aikin zauren baje koli, Malam Gali yana asibitin ido. Ni kaɗai na rage wurin ɗaure kaya. Na dafa rufin da hannu, sai na ji ya motsa. Na sake turawa, gaba ɗayan abin ya yi rawa a hankali ya koma. Na tuna tudun rage gudu da ke kan hanya, na ce wannan ba zai kai ba, kuma ni za a tambaya. A wurinmu abin da ke motsi bai ƙaru ba ne. Na ɗauko bindigar ƙusa, na durƙusa, na harba tara ta ƙasa a kusurwa ɗaya, inda ido ba zai gani ba. Na tura, ya tsaya ƙyam. Har ina jin daɗi na taimaki dattijo.

Ban san cewa motsin shi ne ƙarfin ginin ba. Da shi fadar ta tsallake girgizar ƙasa a tsawon ƙarnoni, kuma ni da bakina na karanta masa wannan, amma karatun bai sauko hannuna ba. Kusurwa uku suka yi ta lilo a hanya lafiya. Wadda na ɗaure ta sha duk jijjigar ita kaɗai. Washegari da safe, saura awa biyu a buɗe ƙofa, muka tarar katakan sun dare, bakin rufin ya sunkuyo, dabbobi uku suna ƙasa. Shugaban su Mista Fang yana tsaye yana kallo.

"Na ce maka gam da ƙusa, ya Gali," in ji mudir. "Mako biyar. Ga abin da mako biyar ya haifa."

Malam Gali ya durƙusa da ƙyar, ya zura hannu ta ƙasa. Na ga yatsunsa sun tsaya a kan ƙusa ta farko, suka matsa zuwa ta biyu. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ba da fushi ba. Ya san iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, za ta ƙare a watan, ya san kamfanin na rage direbobi.

"Aikina ne, ya mudir," ya ce. "Ba ni awa ɗaya da rabi."

Ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a aljihun riga. Ashe ya sassaƙa wasu katakan na ko-ta-kwana, suna cikin jakarsa. Kafin a buɗe ƙofa zauren ya miƙe, kuma kwana huɗu mutane suna layi suna ɗaukar hoto a gabansa. Amma mudir ya riga ya rubuta masa inzar, takardar gargaɗi, ta farko a shekara ashirin da shida. Ya kuma ce ranar tafiya kada ya sa rai da takardar yabo.

Ga wanda bai sani ba, wannan takarda ita ce komai a wurin Malam Gali. Wata cibiyar koyon sana'a a Gumel ta ce za ta ɗauke shi ya koyar da kafinta, da sharaɗin ya kawo shaida daga inda ya yi aiki. Ba shi da takardar makaranta ko ɗaya. Idanunsa sun raunana, ba zai iya aikin warsha a gida ba, amma zai iya tsayawa kan matasa ya nuna musu.

Saidou ne ya cike ramukan ƙusar da fenti, don haka ya ƙirga su. Ya same ni a bayan mota ya ce, "Baba bai taɓa bindigar ƙusa ba tun da aka fara aikin nan. Je ka faɗa."

"Ina da 'ya'ya huɗu a Gusau," na ce.

"Shi kuma duwatsu ya haifa?"

Na ce ba zan je ba. Aka sabunta mini iƙama. Tun daga ranar Saidou ya daina tsokanata, kuma duk wanda ya san Saidou ya san abin da hakan ke nufi.

Malam Gali bai canza komai ba. Kullum yana kujerar gaba, kullum rabin tamis yana zuwa hannuna. Sau ɗaya na yi ƙoƙari, muna tsaye a danja kusa da unguwar Murabba. Na ce, "Baba, maganar ƙusar nan." Ya ce, "Yanzu ai ka san dalilin motsin. An ba da hannu, tafi." Na tafi, kuma ina jin kunyar faɗin cewa na ji sauƙi da ya rufe maganar.

Malam Gali, kai ne ka ɗauki aikin kwana huɗu ka yi masa gini irin na shekara ɗari. Kai ne ka zauna da tsufanka gaban wayar wani baƙo kana koyon abin da ba wanda ya tilasta maka, ba ka ce ai ka riga ka iya ba. Kai ne ka ji ƙusar wani a ƙarƙashin yatsanka, mudir na tsaye a kanka, ka ce aikinka ne. Gwani mai sanyin hannu, mun gode. Hajiya Mariama ta gode, Saidou ya gode ko da ba zai faɗa ba sai da zolaya. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya kai ka Gumel lafiya, ya sa ka tarar da iyali cikin alheri.

Ku kuma 'yan'uwa da ke warsha-warsha da wuraren gini a garin nan, ku yi koyi da shi wajen gyara bayan allo da tambayar abin da ba ku sani ba kafin ku sa hannu. Idan kuma wani ya rufa muku asiri da mutuncinsa, kada ku bar shi ya daɗe a haka kamar yadda na bar wannan dattijo.

Baba, akwai abin da ba ka sani ba tukuna, a cikin wannan rubutun za a karanta maka. Jiya Lahadi, bayan na sauke ka a warsha, ban wuce ɗaukar kaya ba. Na hau sama ofishin mudir.

"Idan hutu ne, babu," ya ce, idonsa a kan kwamfuta.

"Ba hutu ba ne. Maganar fadar Sin ce. Ba aikin Gali ne ya karye ba. Ni na harba mata ƙusa tara ranar da yake asibiti. Ya gani, ya zare, ya yi shiru saboda iƙamata. Saidou ya ga ramukan."

Ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya.

"Yaushe iƙamarka za ta ƙare?"

"Saura wata biyar."

"Ka san har yanzu muna rage direbobi?"

"Na sani."

Ya ɗaga waya ya ce a kawo masa fayil biyu, na Gali da nawa, da farar takarda mai tambarin kamfani.