Kafaɗar Don Casimiro

Shekara talatin da takwas Casimiro Sactic, wanda ake kira Don Casimiro don girmamawa, yana sa kafaɗa a ƙarƙashin dandamalin katakon da ake ɗora siffar Yesu. Kowace Lahadi ta biyar ta azumin Kiristoci, mutanen ƙauyensu kan ɗauko siffar Ubangiji su taka da ita har birnin Antigua, mutum tamanin a lokaci guda, kowane rukuni da layin da zai ɗauka. Rukunin Casimiro shi ke bi ta ƙofar gidansa, inda matarsa Tránsito kan zana shimfiɗa da rinannen garin katako, shi kuma ya take ta da ƙafarsa. Sauran kwanakin shekara gyaran takalma yake yi.

Ana haɗa rukuni ne da tsayin kafaɗa, don kada dogo ya sha nauyi gajere yana yawo a inuwa. Bana mai awon Fidencio ne, wanda ya riƙe wa Casimiro ɗa ranar baftisma. Ya ɗora sanda, ya duba, ya sake dubawa.

"Mutumina, ka ragu da yatsa biyu."

"Sandarka ce ta ƙaru."

"Sake tsayawa. A'a, cire takalmin tukuna. Yaushe ka fara sa dunduniya irin ta amare?"

Masu jiran awo a layi suka fashe da dariya. Aka rubuta shi a rukuni na sha huɗu, na gajeru, wanda ke bi ta bayan mahauta.

"Wa ya cinye yatsa biyun?" in ji Casimiro. "Ba katakon nan naku ba? Na kawo kafaɗa lafiyayya, kun lanƙwasa ta, yanzu ku ce ba ta kai ba!"

Ya kai ƙara wajen Fada, limamin cocinsu. Fada, wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya fi laima nauyi ba, ya yi masa bayani cewa ma'anar tattakin ita ce ƙasƙantar da kai.

"Na ƙasƙanta, Fada. Har an auna."

Kwana tara bai ci abincin kirki ba. Tránsito ta gaji.

"Tsoho, ƙofar gidan ce ta yi wa Ubangiji alkawarin ɗauka ko kai? Tashi ka ɗaukar mini buhunan nan."

Ta kwashe kayanta zuwa bayan mahauta, ta yi cacar baki da matan mahauta uku kafin su sakar mata taku shida na titi. Nan ta durƙusa ta zana furanninta, ƙudaje na taya ta.

Da azahar rukuni na sha huɗu ya iso cikin hayaƙin turare. Casimiro na gefen hagu, cikin riga shunayya, fuska a murtuke, kafaɗarsa daidai da ta maƙwabtansa kamar an yanka da wuƙa, abin da ya ƙara ba shi haushi. Ya taka shimfiɗar a hankali, taku shida cif.

Har yau Fidencio sai ya je wani ƙauye ake yi masa gyaran takalmi.