Taku Talatin Tsakanina da Inna

Litinin: Kano zuwa Gaya

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na turo kekena daga gida, akwatin magani ɗaure a baya, takardar babban Likitanmu a aljihu. A lokacin ina malamin asibiti na En'e, wato hukumar gargajiya, saura shekara uku Turawa su tafi. Labari ya zo cewa wata muguwar mura ta taso daga ƙasashen gabas, ta sauka Ikko, kuma jirgin ƙasa zai kawo mana ita ko muna so ko ba ma so. Aka rarraba mu gundumomi mu shirya mutane: kowane gari ya kafa rumfa a bayan gari don keɓe wanda ya kamu, a dakatar da tururuwar dubiya, sannan mu bar wa dagatai ƙwayar zazzaɓi.

Ni na roƙa a ba ni ƙasar Gaya, kuma ba don ƙwazo ba. Mahaifiyata tana Toranke, rabona da ita wata goma sha huɗu, ga ta da ciwon fuka tun ina yaro. Likita ya faɗa mana ƙarara cewa masu jini a jika za su sha jiki su tashi, amma tsoho mai ciwon ƙirji in ta kama shi sai wani ikon Allah. Wannan magana ce ta hana ni sukuni.

Kuɗin mota sule uku, keke sule ɗaya. Sau uku direba yana cewa yanzu za mu tashi, ba mu tashi ba sai bakwai da minti goma. Aka fara ruwa, aka saki tamfol, muka cushe a benci kamar buhunan gyaɗa. Na kusa da ni wani mai fataucin goro ne da ya sauko daga jirgi jiya, yana ta tari ba ko kare baki.

"Malam, tun yaushe kake tarin nan?"

"Sanyin jirgi ne. Kai likita ne?"

"Kusan haka."

"To kusan likita, ɗan matsa mini."

Aka kwashe da dariya, ni kuwa na kau da fuskata daga gare shi. Mun haye gadar Wudil ƙarfe tara da rabi, gaba kaɗan muka tarar an gitta shinge, don a damina ba a barin mota ta taka hanya sai ta tsane. Na zaro takardar Likita na nuna wa mai shingen, ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Takardarka ba ta busar da hanya." Na ci dafaffen rogo na kwabo ina ƙuna. Mil arba'in, amma sai ƙarfe huɗu saura muka shiga Gaya.

Na kai gaisuwa wurin hakimi, ya sa aka rubuta wa dagatai takardu nan take, aka sauke ni gidan malamin asibitin garin. Da yamma na ci karo da wani ɗan Toranke a bakin kasuwa, daɗi ya ɗebe ni na ce ya gaya wa ƙanena Idi ina nan tafe ranar Alhamis. Baki shi ke yanka wuya.

Talata: Kademi

Na fita shida da rabi, na isa kafin hantsi ya ɗaga sosai. Zancen rumfa bai ba ni wuya ba. Da na kai kan dubiya sai wuri ya yamutse. Wani ya ce, "Ɗan'uwanka na kwance ka ƙi leƙa shi? Wane addini ne wannan?" Na buɗe baki zan yi faɗa, don ni ba haƙuri ne da ni ba, sai wani dattijo mai suna Baba Ila ya ɗaga sanda.

"Ku yi shiru. Ni na ga marisuwa, murar da ta zo bayan yaƙin Jamus na farko. Waɗanda suka je dubiya ranar Asabar, su aka je dubawa ranar Talata. Ranar Juma'a babu mai zuwa duba kowa."

Kafin la'asar an kafa dirkoki an kewaye da zana. Na komo Gaya da magariba ina ganin kaina gwani, alhali tsoho ne ya yi mini aikin.

Laraba: Ajingi da Gafasa

Hanyar Ajingi rabi yashi rabi taɓo, gero ya rufe ta dama da hagu har ya fi ni tsawo a kan keke. Na gama da Ajingi da azahar, a nan na fara jin kaina yana sarawa. Na ce rana ce. Na isa Gafasa biyar da kwata, aka sauke ni gidan wani Babarbare mai sayar da kanwa. Ya kawo fura, na kurɓa na ji kamar ruwan ƙasa.

"Malam, idonka ya kaɗa."

"Gajiya ce, Alhaji."

Ƙarya na yi, kuma na san ƙarya ce. Na ƙirga kwanakin: biyu cif daga motar nan. Na roƙe shi a bar ni ni kaɗai a zaure, ƙwaryar da na sha a fasa ta. Ya dube ni, ya ja da baya.

Da hankali na bi, da Gaya na koma. Na ce wa kaina ai saura maganin Toranke ban kai ba. Gaskiyar magana, gida nake so.

Alhamis: Toranke

Ban iya hawa keken ba, tura shi na yi. Sha ɗaya da minti ashirin na hango garin. Takardar hakimi ta riga ni, ga sabuwar rumfa a gindin tsamiya a bayan gari. Ga kuma abin da bakina ya jawo: mutane cike da bakin hanya sun fito taryen ɗan garinsu, Idi a gaba ya miƙo hannu biyu.

"Idi, tsaya nan! Kada ka matso!"

"Yaya, lafiya?"

"Ba lafiya ba. Ciwon da na zo gargaɗi a kai, shi na ɗauko."

Na jingine keken, na ajiye akwatin magani a tsakiyar hanya, na ja jiki na shige rumfar. Ni na fara kwanciya a cikinta. Ba a jima ba garin duka ya juyo dubiya, kowa na "sannu, sannu," kowa na son ya leƙo. Na sa Idi ya ƙirga taku talatin daga bakin rumfar ya ja layi da sanda, ya tsaya a kai. Maza suka tsaya suna gunaguni.

Da la'asar Inna ta zo. Ni ne ɗanta na fari, kuma a wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunana, ba ta zancena, in na yi magana a gaban mutane sai ta yi kamar ba ta ji ba. Ban taɓa tsammanin za ta fito ba. Ga ta nan da ƙwaryar kunu, tana tafiya tana hutawa, daga inda nake ina jin ƙirjinta yana shaƙewa. Idi ya kauce mata, wa zai tare uwarsa? Ta tsallake layin.

"Inna, don Allah ki tsaya nan."

Ba ta ko ɗaga kai ba. Taku ashirin ya rage.

"Inna, ki ajiye a nan, zan ɗauka."

Saura goma. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na miƙe da sauran ƙarfina na daka mata tsawa: "Na ce ki koma! Ki fita daga nan!"

Na ji wani dattijo yana salati, wata ta ce, "Boko ya gama da shi." Inna ta tsaya cak. Ta sunkuya ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta gyara mayafinta, ta juya. Na koma na kwanta ina kuka kamar ƙaramin yaro.

Kwana shida na yi a rumfar. Idi yakan rufe baki da rawani ya ajiye abinci a kan layin, kullum da safe tambayata ɗaya: "Tana tari?" Ya ce wanda ta saba kawai. Ran nan na ce, "Me ta ce a kaina?" Ya ce, "Yaya, ka san ba ta zancenka."

Komowa

Ranar Laraba na tashi, da sauran tari, don haka ban shiga gida ba. Na zagaya ta bayan dangar gidanmu na durƙusa na yi gaisuwa. Daga ciki na ji muryar Inna: "A sauka lafiya." Shi ke nan. Na kwana Gaya, na sami motar Alhamis, ƙarfe biyu na rana na shiga gidana a Kano.

Kwana goma sha biyu ina zaman ɗar-ɗar, sai ga takardar Idi da ajami. Murar ta shiga Toranke ta kasuwa, rumfa ta cika har an ƙara wata, an yi rashin tsofaffi. Inna lafiya lau, don ko dubiya ɗaya ta ƙi zuwa. Ya ce mata sun dame ta da zancen ɗan da ya daka wa uwa tsawa a bainar jama'a, ran nan tana tsince wake ta ce musu, "Wanda ya yi tsawar ni na haife shi, kuma ya san abin da yake yi. Ku nemi wani zancen."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma bar mini ita. Na gode wa Idi da mutanen garuruwan da suka sauke ni. Shekarata talatin da ɗaya a lokacin, kuma wannan ne karo na farko da Inna ta amsa a gaban mutane cewa ni ɗanta ne.